TARIHIN SAWU DA ALAMUN ICCE A DAJINMU

 A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu muna so mu waiwayi wani gefe na tarihin ƙasarmu wanda ba a cika rubutawa ba. An saba ba da tarihin sarakuna da yaƙoƙi da yunwa. Mu yau tarihin daji za mu taɓa, wato yadda kakanninmu ke gane naman dawa ba su gan shi ba, ta sawunsa da ta alamar da ya bari jikin icce, da kuma yadda ake wannan aiki yanzu da wani ɗan akwati mai ɗaukar hoto shi kaɗai. Dalilinmu shi ne masu wannan sani sun kusa ƙarewa a Hawandawaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma ba mu ga magadansu ba.

1. DAJIN DA KAKANNINMU SUKA TARAR

Yaron da ya tashi yau ya duba gabas da yamma, gona yake gani ta haɗu da gona, daga nan har Korgom, daga nan har Tasawa. Da wuya ya yarda cewa giwa ta taɓa yawo a wannan ƙasa. To, ta yi.

Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi. Sarakunan Katsina na dauri suka yo arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka yi shekara da shekaru ana kai wa juna hari tsakanin Maraɗi da Tasawa a gefe guda, da Katsina a ɗaya gefen. Talaka ba ya iya kwana a fili. Jama'a suka tattaru cikin garuruwa masu ganuwa da kafi, ƙasar da ke tsakani ta koma kango, icce ya rufe tsofaffin gonaki, namun dawa suka gaje wurin.

Muna da shaida a rubuce. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashen nan, ya sauka Tasawa. Daga can ya bi ta Gazawa, ya ratsa dajin da ke tsakaninta da Katsina, ya wuce kufan Ɗankama. A littafin tafiyarsa ya bayyana wurin daji ne babu gari, ayari na ratsa shi da tsoro, kuma ya ambaci sawun giwa. Wannan daji ba nisa da mu yake ba. Ku lura, shi ma baƙon da sawu ya kafa hujja.

Shi ya sa labarin kafuwar garuruwa da yawa a ƙasar Tasawa da Mayahi da mahalbi yake farawa. Mahalbi ne ke shiga daji, ya bi turbar namu har ta kai shi ga tabki ko inda ruwa ke kusa, ya yi bukka, ya koma ya kira danginsa. Manomi da maƙeri da mai gina rijiya daga baya suke zuwa. Sarautar Sarkin Baka da ta Sarkin Dawa daga nan suka samo daraja. A wajen Azna na ƙasar Maraɗi kuma akwai buɗin daji, inda akan fita sau ɗaya a shekara, a duba irin naman da aka fara tasowa da inda ya nufa, a faɗi yadda ake zaton shekara za ta kasance. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya zauna cikin mutanen gulbin Maraɗi, ya rubuta al'adunsu a wani babban littafi da ya fito a 1975.

2. KARATUN MAHALBA

Mahalbin da ba shi da komi sai baka da kibiya mai dafin kwankwani dole ya matso kusa da nama ƙwarai kafin ya halba. Kuskuren karatu a gare shi ran mutum ne: wanda ya ɗauki sawun bauna mai rauni a kan na saniyar Fulani ba lalle ya kwana gida ba. Saboda haka suka mai da icce allo, ƙasa kuma takarda. Ga kaɗan daga cikin ƙa'idodin wannan karatu.

Abu na farko da ake dubawa jikin icce shi ne tsawon wurin da alamar take. Giwa takan sa haure ta ɓantare ɓawon kuka, ta ja shi da hannu ya zo dogo kamar igiya, takan kuma karya reshe mai kauri ta bar shi yana reto. In ta fito daga tabki ta yi susa jikin icce, taɓon da ta bari ya fi tsawon mutum. Gadu, wato mugun dawa, shi ma yana susa bayan ya yi birgima cikin laka, amma tasa alamar iyakarta gwiwa, wani lokaci da ƴan gashi masu kauri maƙale cikin ɓawo. Raƙumin dawa yana cin ganyen gawo da farar ƙaya a saman da raƙumin gida bai kai ba. In an yi shakka sai a duba ƙasa: sawun raƙumin gida faffaɗa ne mai taushi kamar faifai, na raƙumin dawa kuwa kofato ne rababbe biyu kamar na babban sa.

Abu na biyu shi ne da me aka yi alamar, haƙori ne, ko akaifa, ko ƙaho. Beguwa tana gaigayar ɓawo a gindin icce, ana ganin layin haƙoranta biyu-biyu kamar aikin masassaƙi, kuma sau da yawa takan zubar da ƙayarta kusa. Damisa tana kafa akaifa ta ja ƙasa, ta bar layuka zurfafa a jere, kuma takan hau da abin da ta kama ta saƙale shi a reshe. Namijin barewa yana goga ƙaho jikin ƙaramin icce har ɓawo ya saɓule gefe guda. Gada tana da wani maiƙo da ke fita ƙarƙashin idonta, tana shafa shi a kan tsinke don ta shaida wa ƴan'uwanta wurinta ne. Dage, sarkin son zuma, yakan yage bakin kogon icce ya bar saƙa a warwatse. Har tsakanin zomo da akuya akwai bambanci: zomo yana datse tsiro sumul a karkace kamar an sa wuƙa, akuya kuwa da yake ba ta da haƙoran gaba a sama, fizga take yi, bakin tsiron ya zo a yayyage.

Abu na uku shi ne abin da ke ƙasa gindin iccen. Sawun kura da na dila da na kare suna nuna akaifa. Na zaki da damisa da kyanwar daji ba su nunawa, don su sukan janye akaifarsu in suna tafiya. Kura ƙafarta ta gaba ta fi ta baya girma, kashinta kuma in ya bushe fari ne fat saboda ƙashin da take taunawa. Dabgi ana gane shi da ramin da ya haƙa jikin suri da jan wutsiyarsa bisa rairayi. Kashin giwa cike yake da ƙwallon aduwa da na goriba, yana faɗin inda ta yi kiwo jiya. Masana na zamani ma sun gwada sun tarar in aka auna kewayen sawun ƙafarta ta gaba aka ninka biyu, ana samun kusan tsawonta daga ƙasa zuwa kafaɗa.

Abu na huɗu, wanda ya fi wuya, shi ne yaushe. Raunin icce na ɗazu yana da danshi da launi mai haske. Na jiya ya fara duhu, tururuwa ta same shi. Na kwana da kwanaki ƙaro ya fito ya daskare. Sawun da raɓa ta sauka a kansa na farkon dare ne, wanda ya taka raɓa na asuba ne. In ƙwaro ya ja layi bisa sawu, ko iska ta rushe bakinsa, mai shi ya yi nisa.

Ba a koyon wannan a zaune. Yaro yakan bi ubansa ko kawunsa shekaru yana riƙe masa gora, ana nuna masa da baki ko da tsinke, don cikin daji ba a yawan magana.

3. YADDA DAJIN YA TAFI

Wajen 1891 ciwon bushiya ya ratsa ƙasashen nan, ya kashe shanu ba iyaka, ya taɓa bauna da wasu namun dawa masu kofato. Amma abin da ya cinye dajin da gaske gatari ne. A 1899 sojan Faransa suka iso ƙasar Tasawa, kowa ya san abin da ya faru a Ɗankori da Maijirgi cikin watan Yuli na wannan shekara. Bayan Nasara sun kafu, hare-hare suka ƙare, mutane suka fito daga bayan ganuwa, kowa ya nemi saura ya sassabe. Ga kuma haraji da ake biya da kuɗi, kuɗin kuwa daga gujiya yake fitowa. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 gonar gujiya ta yi ta cin daji. Bindiga kuma ta yawaita, wanda bai iya karatun sawu ba ma yana iya kashe nama daga nesa.

Dokar gandun daji ta 1935 ta mai da manyan itatuwa abin gwamnati. Manomi ya ga iccen da ke gonarsa ba nasa ba ne, sai dai ya jawo masa tara, don haka ya gwammace ya cire shi tun yana tsiro. Sa'an nan fari ya zo, na 1973 da 1974, da na 1984 wanda muke kira El Buhari. Jama'a kuma na ƙaruwa: a 1960 mutanen Nijar duka wajen miliyan 3 ne, a ƙidayar 2012 jahar Maraɗi kaɗai ta wuce miliyan 3 da dubu 400. A shekarun 1970 gwamnati ta hana farauta, daga baya dokar 1998 ta tsara ta da takardar izini, amma manyan namu sun riga sun bar mu. Giwayen ƙarshe da jahar Maraɗi ta gani su ne waɗanda ke shigowa dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, daga Nijeriya. Su ma sun daina zuwa.

Da nama ya tafi, karatunsa ya bi shi. Ɗiyan mahalba suka koma noma da ci-rani, wasu suka riƙe maganin gargajiya kawai. Mu da muka yi lakwal mun haddace sunayen dabbobi da Faransanci daga hoton littafi, amma a cikinmu kaɗan ne za su iya raba sawun dila da na yanyawa a bayan gari.

4. TARKON HOTO

A wasu ƙasashe, inda su ma namu suka yi ƙaranci kuma suka koma yawon dare, masana sun nemi wata dabara. A shekarun 1890 wani Ba'amurke mai suna George Shiras ya riƙa ɗaura zare a turbar namu, ya haɗa shi da abin ɗaukar hoto da wata hoda mai walƙiya. Dabba na taɓa zaren sai ta ɗauki hoton kanta. An buga hotunansa a mujallar National Geographic a 1906. Daga nan aka sami abin da ake kira tarkon hoto, tarkon da ke kama siffa ya bar mai ita ta wuce. A shekarun 1990 wani masani ɗan Indiya, Ullas Karanth, ya nuna ana iya ƙidaya damisar ƙasarsu mai zane-zane da shi, don kowace ɗaya zanenta daban ne.

Na yanzu ɗan akwati ne bai kai rediyon hannu ba, yana aiki da batir. Ana ɗaura shi jikin icce wajen tsawon gwiwa. Yana da wani ido mai jin ɗumin jiki da motsi. In abu mai rai ya gilma sai ya ɗauka, da dare kuma yana haskawa da wani haske da idon mutum ba ya gani. Kowane hoto yana fitowa da kwanan wata da sa'a. Ana barin shi makonni, a dawo a cire ɗan katin da ke ciki a duba a kwamfuta.

A nan Nijar ya yi aiki. A 2010, a duwatsun Termit da ke gabas, arewa da ƙasar Damagaram, tarkon hoto na ƙungiyar Sahara Conservation Fund ya kama rabbi na hamada da dare, wato dabbar nan siririya mai kama da damisa wadda ta fi kowace dabba gudu. Kafin nan sawunsa aka fi gani, kuma sawun rabbi yana da nasa sirri: dangin kyanwa ne amma akaifarsa na fita a ƙasa. Masana sun yi zaton waɗanda suka rage a wurin ba su kai 10 ba. A 2012 gwamnati ta mai da Termit da Tin Tumma gandun da aka keɓe.

Raƙuman dawa na Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, su kuma da hoton hannu ake bin su. A 1996 saura 49 kacal, kuma su ne ƙarshen irinsu a Afirka ta Yamma. Aka riƙa ɗaukar kowane ɗaya hoto dama da hagu, domin zanen jikinsa ba ya sakewa har ya mutu, aka yi musu littafi kamar na haraji. Da tsaro da haɗin kan manoman wurin suka haura 600 kafin 2018. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗauko 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka kawo su gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro, cikin jaharmu, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba. A 2022 aka ƙaro 4. Shi wannan gandu an keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta dubu 76.

5. INDA AKWATI KE BUKATAR MAHALBI

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne hoto hujja ce da ba a musu. Amma akwatin nan taki kaɗan yake gani a gabansa. In an ɗaura shi inda nama ba ya bi, sai ya cika katinsa da awaki da shanu da ciyawar da iska ke kaɗawa. Wanda zai ce a ɗaura nan, ga turba, ga wurin susa, ga bakin rami mai sabuwar ƙasa, shi ne mai karatun sawu. Ke nan icce guda ne: mahalbi ya karanta alama jikinsa, sa'an nan a ɗaura akwati a gindinsa.

Bayan an sami hoton ma aiki bai ƙare ba. Hoton dare ba shi da launi, idanu na ƙyalli, wani lokaci wutsiya kaɗai ko rabin ƙafa ake samu. Sai wanda ya san dabbar zai ce wannan yanyawa ce, ga ƙanƙantar jiki, ga manyan kunnuwa, ga wutsiya mai gashi da baƙi a ƙarshenta, wancan kuwa dila ne, ya fi ta tsawon ƙafa. Akwati yana faɗin rana da sa'a. Ba ya faɗin sunan dabba da Hausa, ba ya faɗin abin da ke wurin shekara 70 da suka wuce. Wannan yana cikin kan dattawanmu.

Kada wani ya ce wannan zancen gandun gwamnati ne, bai shafe mu ba. Tun daga 1983 da 1984, lokacin da wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman ƙasar Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani, icce ya dawo. Masana sun ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa. Inda gawo da kalgo da sabara suka dawo, manoma sun ba da labarin dawowar zomo da kurege da zabin daji da dila. Yau in aka wayi gari an ɓare wa mutum ƙaramin gawo, ko an kashe masa kaji, wa zai faɗi mai laifi? Sau nawa aka ɗora wa makiyayi ko karen maƙwabci abin da zomo ko kyanwar daji suka yi? Sau nawa kuma mai adda ya fake da sunan raƙumi? Dā dattijo ɗaya kan duƙa ya duba ya raba gardama. Yanzu sai a kai gaban mai gari ana rantse-rantse.

6. ABIN DA MUKE ROƘO

Iyayenmu dattawa, musamman gidajen da suka gāji baka, muna roƙonku ku ba mu lokaci. Ba asirinku na tsari muke nema ba, wannan naku ne. Muna son sunayen namun da kuka gani da idonku ko iyayenku suka gani, da wurin, da shekarar in an auna ta da wata yunwa ko sarautar wani sarki. Muna son sunan kowane fage da tabki da kurmi da ake kira da sunan dabba, da dalilin sunan.

Malaman lakwal na ƙauyukanmu, mu fita da yara bayan gari da sassafe ko sau ɗaya a wata, tare da dattijo guda, su zana sawu a littafinsu, su rubuta sunan da Hausa kafin na Faransanci.

Ƴan'uwa na ci-rani, kusan kowannenku yana da salula mai ɗaukar hoto da murya. In kun zo gida da damana ko da salla, ku zauna da tsoho ku ɗauki maganarsa, da yardarsa. In kun ga sawu ko alama jikin icce, ku aje kwalin ashana kusa da ita don a san girmanta, ku ɗauka, ku riƙe sunan wurin da ranar. Kada a kashe dabba don a nuna mana ita. Abin da aka tara a miƙa wa magatakardan ƙungiya, mu kuma za mu jera shi cikin littafi guda, mu riƙa fito da shi kaɗan-kaɗan a wannan takarda. In ya taru, muna da abin da za mu nuna wa ma'aikatan gandun daji na Tasawa ran da za mu nemi a gwada tarkon hoto a ƙasarmu.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya dawo da matafiya gida lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.